Lagireton alminiyam a tsohuwar mota: abin dubawa kafin ka biya

Yawancin motocin shekarun 1970, irin su Fijo 504, da lagireton tagulla suka fito. Idan ya tsufa, gosulon Legas ne ke fara tona masa asiri: a tsaya a Oshodi da rana, allurar zafi ta kama hawa. Daga nan sai mai mota ya nufi Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota, neman na alminiyam.

Kada yawan layin bututun da ke cikin lagireto ya ruɗe ka. Mai layi 2 da bututu mai faɗin inci 1 yakan sanyaya inji daidai da tsohon mai layi 4 na siraran bututu, iska ma ta fi ratsa shi idan mota na tsaye.

Inda ingancin yake shi ne mahaɗa. Leƙa da tocila inda bututun suka shiga farantin sama. Idan ka ga gam mai launin toka, kada ka saya; zafi da sanyi za su sa gam ɗin ya tsage, ruwa ya riƙa tsatsafowa, kuma ba a yi masa walda. Nemi wanda aka haɗe a masana'anta da wuta, tankinsa kuma da walda mai tsabta. Ka sa a toshe bakunan, a hura iska, a tsoma shi cikin ruwa a gabanka. Kumfa ko ɗaya ta fito, babu ciniki.

Tafi da tsohon, a gwada tsawo, kauri da wurin bakin tiyo. Mai kauri da yawa yakan taɓa fanka.

Farashi kuwa dala yake bi, musamman wanda za a yi maka oda, ga kuɗin dako da na kwastan. Kafin ka yanke shawara, tambayi nawa za a sake wa na tagullarka ciki. Shi kowane mai gyaran lagireto zai like shi da dalma, na alminiyam kuwa sai mai waldar agon.

Abin da ya fi kashe na alminiyam ruwa ne. Ruwan rijiya ko na burtsatse yana cin alminiyam daga ciki, balle a injin da ke da tsatsa. A wanke inji sosai, a zuba rabi ruwan sanyaya inji, rabi tataccen ruwa irin na batir. Sannan a ɗauki mitar auna wutar lantarki, waya ɗaya a kan nagetif na batir, ɗaya cikin ruwan, inji na aiki. Ya wuce bolt 0.3, wuta na bi ta ruwan, a gyara wayar as, wato wadda ke haɗa nagetif na batir da jikin mota da inji.

A ɗora shi kan robobi, kada a ɗaure shi ƙarfe da ƙarfe, ramukan hanya za su fasa waldar. Murfi kuma a bar shi a matsin da motar ta zo da shi, don tsofaffin tiyo ba sa jure ƙari.