Mai babur ƙafa huɗu a ƙasar sanyi, rage iskar taya kafin ka sayi wani abu

'Yan uwa da ke Kanada da arewacin Amurka, ga dabara kyauta.

Idan dusar ƙanƙara ta sauka, rage iskar tayoyinka zuwa psi 3 ko 4 (psi shi ne ma'aunin ƙarfin iskar taya). Tayar za ta baje, haƙoranta su kama wuri da yawa, babur ya daina nutsewa.

Auna da gejin ƙaramar iska, na mota ba ya karanta wannan daidai. Kuma a waje za ka auna bayan taya ta huce, don sanyi na rage iska. Kada ka sauka ƙasa da psi 3, taya na iya zamewa daga rim a kwana.

Amma a kan daskararriyar ƙanƙara mai santsi, wannan dabara ba ta aiki. Nan sai ƙarfe.

Sa sukuru gajere mai kai shida, ɗaya a tsakiyar kowane babban haƙori. Auna kaurin haƙorin tukuna. Idan sukurun ya fi shi tsawo, ka fasa tayarka da hannunka. Ni dai na fi son sarƙa a tayoyin baya, don ana cire ta cikin minti kaɗan. Ɗaure ta tamau, ka duba ba ta taɓa tiyon birki ba, ka yi tafiya kaɗan ka sake ɗaurewa.

Buhun yashi kilo 20 a kariyar ɗora kaya ta baya ma na taimakawa.

Sa ƙaramin giya, ka ba da wuta a hankali. Kwalta kuwa tana cinye sukuru da sarƙa, cire su idan ƙanƙara ta narke.