Kurakuran da masunta suka fi yi wajen zaman gaban kwale-kwale

Goshin jirgi ne yake fara cin karo da igiyar ruwa. Baya yana da nauyin inji da matuƙi, tsakiya ma da sauƙi, amma gaba ɗagawa yake yi ya dawo ya bugi ruwa. Ga shi kuma nan ne wurin mai jefa ragar birgi da mai jan ragar kalli, nan ake ajiye yaron da aka ɗauko ya koyi sana'a. Duk da haka, in ka je bakin ruwa a Yawuri ko Baga, za ka tarar an zuba kuɗi a kan inji da raga, wurin zaman gaba kuwa ko oho.

Babban kuskuren shi ne ɗaga mazauni sama. Wani ya gitta katako a kan bakin jirgin, wani ya kifa jarka ya hau, har da masu shigo da kujerar roba daga gida. Dalilinsu ba na banza ba ne: wanda ya wuni a tsugune, gwiwa da ƙugu sai sun gaya masa. Sai dai duk lokacin da nauyin mutum ya yi sama, jirgin yakan ƙara rawa, balle a gaba inda cikinsa ya tsuke. Mutum ya ɗan karkata zai ɗago raga, sai jirgin ya bi shi, gefe ya sha ruwa. Gyaran ba ya cin kuɗi sosai. A sa kafinta ya sauko da katakon ƙasa da bakin jirgi kamar taƙi guda, a kuma ja shi baya zuwa inda jirgin ya fara faɗi. A kafa guntun katako a ƙasa inda za a tokare ƙafa, da wani gajere a baya na jingina. Rashin waɗannan biyun yana jawo ciwon ƙugun da ake kuka da shi, domin jiki ne yake ta ƙoƙarin riƙe kansa tun safe har yamma.

Katakon ma a kafe shi. Wanda aka aza kawai, ranar da igiya ta buga tare za su zame da mai shi. A riƙa duba ƙusoshi: mai tsatsa a cire, wadda ta fito da kai a mayar da ita, don tana yaga raga tana yaga cinya.

Sai batun abin shimfiɗa. Soson katifa yana da daɗin zama a ranar farko, daga nan ya sha ruwa ya yi nauyi ya fara wari, kuma a lokacin hunturu sanyinsa har cikin ƙashi. Gara roba mai tauri irin ta silifa, wadda ba ta shan ruwa, a ɗaure ta a jikin katakon. Abin da ya fi damuna shi ne masu mayar da rigar kariya daga nutsewa matashi. Zama a kanta yana murƙushe soson da ke ciki, ta rage ƙarfin ɗaga mutum, kuma wanda ya faɗa ruwa ba shi da lokacin laluben abin da yake zaune a kai. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta Najeriya, NIWA, mai hedikwata a Lakwaja, ta wajabta sa ta. A sa ta a jiki, a ɗaure igiyoyinta. Na san za a ce ai ɗan Sarkawa ba ya tsoron ruwa. Gaskiya ne ya iya iyo, amma wanda kansa ya bugi katako kafin ya faɗa, ko raga ta naɗe masa ƙafa, iyawarsa ba ta da amfani a lokacin.

Samari kuma suna son zama a can kan tsinin goshi, ƙafafu na lilo a waje, inji na gudu. Wanda ya zame daga nan ba gefe yake faɗawa ba, jirgin ne zai bi ta kansa, farfela kuma tana baya tana juyawa. Muddin inji na aiki, ƙafa biyu su kasance a ciki, ɗuwawu a kan katako.

Mai birgi dole ya miƙe, wannan ba makawa. Kuskuren yana wajen igiyar da ake ɗaurewa tamau a wuyan hannu. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 ruwa ya shanye dazuzzuka da tsofaffin garuruwa, kututtura na nan a ƙasa har yau. Birgi ya maƙale a ɗaya, iska ko ruwa na jan jirgi, sai ya fizgo mai shi. A yi zarge mai faɗi wanda hannu zai iya zarewa nan take, a rataya ƙaramar wuƙa a ƙugu cikin kube, a kashe inji kafin a yi jifa. Riga mai faɗin hannu a bar ta a gida, dalmar birgi na kama ta.

Ƙarƙashin ƙafa ma abin lura ne. Yauƙin tarwaɗa ya haɗu da ruwa, katako ya koma kamar an shafa masa sabulu. Ƙayar ƙurungu tana huda tafin ƙafa, minjirya ta ba mutum wuta ya zabura, zaburar nan kuwa ita ke kifar da ƙaramin jirgi. Kifi ya tafi tsakiya cikin kwando, ƙugiyoyin mamari a jere su a wurinsu, gaba a shimfiɗa buhun algarara ko a jera siraran katako, a riƙa kwarfe ruwa tun bai taru ba.

Ranar kasuwa ko biki, jirgin kamun kifi yakan koma na ɗaukar mutane da kaya, sai a tara buhuna da yara a gaba don wai ba su da nauyi. Goshi ya nutsa, igiya ta riƙa shigowa, matuƙi kuma ba ya ganin gabansa. Ba mu manta da Bagwai ta jihar Kano ba, a watan Nuwamban 2021, inda jirgin da ya taso daga Badau ya kife, fiye da mutum 20 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya, aka kuma ɗora laifin a kan lodi fiye da kima. Allah Ya jiƙansu. Kaya masu nauyi a ƙasa a tsakiya, yara a tsakiya kusa da babba.

Wanda zai zauna a gaba ya zama babba mai natsuwa, domin shi ke hango kututture, tudun yashi, ragar wani ko dorina kafin matuƙi ya gani. Ƙarar inji ba ta barin a ji magana, saboda haka tun a bakin gaɓa a shirya alamar hannu ta dama, ta hagu da ta tsayawa. In fitar asuba ce, ya riƙe tocila mai ƙarfi da igiya a wuya, ya haska ruwa, kada ya juyo da ita fuskar matuƙi.