Darasi na 9: Teɓa, Suga da Hawan Jini Idan Korona Ta Yi Tsanani

Cutar korona ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin a watan Disamba na 2019. Ta shigo Najeriya ta Legas ranar 27 ga Fabrairu, 2020, ta shiga Nijar a watan Maris. Yawancin waɗanda ta kama sun yi zazzaɓi da tari, suka warke a gida. Wasu kuwa numfashinsu ya ɗauke har sai da aka sa musu na'ura. Tun da wuri likitoci suka lura cewa, ban da tsofaffi, masu ƙiba da ciwon suga da hawan jini su ne suka fi cika gadajen asibiti.

Abubuwa biyar masu tafiya tare

Akwai matsaloli biyar da sukan taru a jikin mutum ɗaya. Na farko teɓa, wato kitsen da ke taruwa a ciki. Na biyu hawan jini daga 130 bisa 85 zuwa sama. Na uku suga da ya kai 100 a awon safe kafin a karya kumallo. Na huɗu yawan maiƙo a jini, daga 150 zuwa sama. Na biyar ƙarancin kitse mai amfani, wanda ke share hanyoyin jini: ƙasa da 40 ga namiji, ƙasa da 50 ga mace. Wanda ya haɗa uku cikin biyar, likitoci kan ce yana da metabolik sindirom.

Abin damuwa shi ne babu ɗaya daga cikinsu da ke ciwo da farko. Mutum na zuwa kasuwa, yana zuwa gona, jama'a na ganin tumbinsa suna cewa arziki ya zauna. Ciwo kuwa yana ci a ɓoye.

Abin da bincike ya nuna

A watan Disamba na 2021 aka wallafa wani bincike da likitocin Jami'ar Tulane ta Amurka suka jagoranta. Sun duba bayanan majinyata kimanin 29,000 da aka kwantar saboda korona a asibitoci 181 na ƙasashe 26. Masu wannan tarin matsaloli haɗarin mutuwarsu ya fi na sauran da kusan kashi 20 cikin 100, haɗarin mummunar lalacewar huhu kuma ya fi da kusan kashi 36. An ga kuma cewa duk matsalar da ta ƙaru a kan wata, haɗarin huhun ya daɗa hawa.

Me ya sa haka?

Kitsen ciki ba a zaune yake kawai ba. Yana fitar da sinadarai masu sa kumburi a jiki dare da rana, kamar wutar ƙaiƙayi da ke ci ta ƙasa ba a ganin harshenta. Idan ƙwayar korona ta shigo, sai garkuwar jiki ta yi tashin da ya wuce kima, kumburin ya bi huhu, ruwa ya cika 'yan jakunkunan iska, iskar oksijin ta kasa shiga jini.

Suga mai yawa yana raunana fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta. Shi da hawan jini sun riga sun goge cikin hanyoyin jini, don haka jini kan yi gudaji cikin sauƙi, ya toshe huhu ko zuciya ko ƙwaƙwalwa. Babban ciki kuma yana danne huhu daga ƙasa. A asibiti akan kwantar da majinyaci rub da ciki don numfashi ya samu hanya, amma mai teɓa hakan na yi masa wuya.

Har magani ma yana da nasa sharaɗi. A watan Yuni na 2020 masu bincike a Jami'ar Oksfod ta Ingila suka tabbatar cewa deksametason, wani maganin rage kumburi, yana rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan na'urar numfashi. Sai dai yana ɗaga suga sosai. Don Allah kada kowa ya saye shi a kemis ya sha da kansa. A Indiya, a 2021, dubban masu ciwon suga da aka ba irin wannan magani sun kamu da wata muguwar cutar funfuna mai cin hanci da ido.

Abin yi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci kan korona ranar 5 ga Mayu, 2023, amma ƙwayar tana nan. Ku je asibitin unguwa a auna muku jini da suga tun kuna lafiya. Wanda aka ɗora wa magani kada ya daina don ya ji sauƙi. A rage lemon kwalba, sugan shayi, gishiri da dunƙule. A ƙara wake, zogale, rama da gero, a yi tafiyar ƙafa ta minti 30 a yawancin ranakun mako. Ku tambayi ma'aikacin lafiya game da rigakafi.

Mai ɗauke da waɗannan matsaloli idan ya kamu da zazzaɓi da tari, ya ga yana haki, ko ƙirji na ciwo, ko hankalinsa na gushewa, a kai shi asibiti a ranar, tare da magungunan da yake sha.

Aikin gida

Ku aro tef ɗin tela. Ku tsaya tsaye, ku fitar da numfashi, ku auna zagayen ciki daidai cibiya. Namijin da ya kai santimita 94, ko macen da ta kai 80, ya kamata a duba sauran awon huɗu. Ku rubuta lambar a littafinku, ku zo da ita aji mako mai zuwa.