Babi na 6: Lambun Magani a Bayan Ɗaki

Darasi na 1: Shuka zogale

Iyayena da 'yan'uwana, a karanta a hankali, ba gaggawa. Wanda kalma ta tsayar da shi, ya ɗora yatsa a kanta ya sake.

Nemi wurin da rana ke samu, ruwa kuma ba ya kwanciya. Idan ruwa ya kwanta, saiwar zogale ruɓewa take yi. Gauraya ƙasar da takin awaki wanda ya daɗe ya bushe. Ɗanyen kashi ƙona shuka yake yi.

To, ga inda ake faɗuwa. Zurfin ramin gaɓar yatsa ɗaya ne. Ɗaga manuniyarka, dubi layin farko daga farce. Iyakar zurfin ke nan, kamar santimita 2. Sa ƙwaya, rufe da ƙasa, yayyafa ruwa. Gaɓa ɗaya. Ba biyu ba, ba tsawon yatsa ba. Kowa zai iya, in sha Allahu.

Bara a ajinmu na Talata Mafara, wata baiwar Allah ta sa fartanya ta haƙa rami kamar za ta binne randa. Bayan mako uku ta zo tana cewa, "Malama, irin naki matacce ne." Muka je muka tona. Ga ƙwayar ta tsage, ɗan farin tsiro ya miƙo, ya gaji a hanya ya mutu. Da a gaɓa ɗaya ta sa, da ya fito cikin mako 1 zuwa 2.

Na faɗa da baki, na zana a allo, ga shi na rubuta. Haba jama'a! Wanda ya sake zurfafawa kada ya zo mini neman iri. Gaɓa nawa? Ɗaya.

Darasi na 2: Tambayar wiwi

Wani dattijo ya ce ya ji a rediyo Turawa na magani da tabar wiwi, ko ya sa gindi biyu a lambu? Baba, kada ka soma. Gaskiya ne a 2018 Amurka ta amince da wani magani da aka tace daga wiwi, don wasu nau'o'in farfaɗiyar yara. Amma a masana'anta ake tace shi, a auna, likita ya rubuta. Ba ganyen bayan ɗaki ba ne. A Najeriya shuka wiwi laifi ne, ko gindi ɗaya, kuma hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA, wadda aka kafa a 1989, tana kamawa, kotu ta ɗaure. Mai farfaɗiya asibiti ake kai shi.

Ganyen wata rama yana kama da na wiwi, mai yatsu-yatsu. Kada ki tsorata ki tuge ramarki. Tsinki ganyen ki ɗanɗana, rama tana da tsami.

Darasi na 3: Shanya

Idan zogale ya kai ƙugu, datse kansa ya yi rassa. A shanya ganyen a inuwa. Rana tana rage masa amfani. Wanda aka ɗora a kan maganin asibiti kada ya bari don yana cin zogale.

Darasi na 4: Awaki

Yi shinge da ƙaya. Akuya ba ta barin zogale.

Aikin gida: Rubuta "gaɓa ɗaya" sau 10.