Darasi na 9: Waya mai magana da ɓarayin intanet

'Yan uwa masu lalurar gani, wannan darasin naku ne, har da masu ido da ke taimaka muku a gida. Manhajar da ke karanta muku abin da ke fuskar na'ura, ko TalkBack ce a Android, ko VoiceOver a iPhone, ko NVDA da JAWS a kwamfuta, an ba ta izini mai girma sosai domin tana ganin duk abin da ya fito a allo har da abin da mutum yake rubutawa. To nan ɗin ne masu kutse ke nema.

A Android akwai manhajojin ɓarayi da suke zuwa da sunan wasa ko bashi ko kyautar data, da ka sauke sai su ce ka buɗe musu izinin nan na Accessibility, wato irin wanda TalkBack ke aiki da shi. In ka yarda shikenan, za su iya karanta saƙon banki, su ɗauki lambar OTP, wato lambar sirri ta amfani sau ɗaya da banki ke turowa, su danna abu da kansu kai ba ka sani ba. Ina ruwan manhajar bashi da wannan izinin? Ka ƙi kawai, ka goge ta.

Sai maganar JAWS, ita ta kuɗi ce kuma da tsada, shi ya sa wasu ke kai kwamfuta shago a zuba musu wadda aka fasa daga filash, wallahi wannan abin yana damuna saboda ba ka san me aka cusa a ciki ba kuma ita ce za ta ji duk lambar sirrin da za ka buga. NVDA kyauta ce tun 2006, ƙungiyar NV Access ta Ostireliya ke yin ta, waɗanda suka ƙirƙiro ta ma makafi ne. A sauke ta daga shafinsu kai tsaye.

Linki ma akwai tarko. Murya za ta karanta maka "shiga asusunka" amma ba za ta faɗi inda zai kai ka ba, kuma adireshin bogi da aka sa sifili a wurin harafin O zai iya wuce kunne in ana sauri. A sabuwar NVDA ka danna maɓallin NVDA (wato Insert, ko Caps Lock in haka aka saita) da K tare, za ta faɗi ainihin adireshin, sannan ka bi shi harafi-harafi.

Wani ɓarawon kuma ba ya buƙatar intanet, yana kusa da kai a keke daga Kawo zuwa Kasuwar Bacci, ko a layin mai POS a Tudun Wada, waya tana ta shelar lambobinka. Sa iyafis kafin ka buɗe banki, ka rufe hasken allo, a iPhone in VoiceOver na kunne bugu 3 ne da yatsu 3. Lambar tantancewa mai 6 da WhatsApp ke turowa, da BVN mai 11, da PIN na ATM, ba a karanta wa wanda ya kira ya ce daga banki yake, ko da ya faɗi sunanka daidai.

Aikin aji: kowa ya shiga saitin wayarsa wajen Accessibility, ya saurari sunayen manhajojin da ke kunne, wanda ya ji sunan da bai sani ba ya ɗaga hannu malam ya zo su duba tare.