Yadda ake shawo kan fargaba a intabiyun neman tallafin karatu

Duk wanda aka kira intabiyu ya riga ya tsallake tantancewar takardu. Kwamitin ya karanta abin da ya rubuta, ya ga alamar cancanta. Shi ya sa abin yake da ciwo a ga ɗalibi mai ƙoƙari ya zauna gaban mutum uku, a tambaye shi dalilin da ya sa ya zaɓi kwas ɗinsa, sai kai ya kulle, ya shiga kame-kame a kan abin da shi da hannunsa ya rubuta. Fargaba ba ta fita gaba ɗaya. Abin da ake nema shi ne a rage ta yadda ba za ta hana magana ba.

Fara da sanin abin da ke faruwa a jikinka

Idan ƙwaƙwalwa ta hango abu mai muhimmanci da ba ta da tabbas a kansa, jiki yana sakin sinadarin adirenalin. Shi ke sa zuciya ta riƙa dukan uku-uku, tafin hannu ya jiƙe, yawu ya ƙafe, murya ta yi rawa. Numfashi yakan koma gajere da sauri, kuma idan ya yi yawa sai iskar kabon da ke cikin jini ta ragu, mutum ya ji jiri da tsikari a yatsu. Ba ciwo ba ne, kuma ba shaida ba ce ta rashin shiri. Wanda ya san haka ba ya ƙara tsoro a kan tsoro.

Mako biyu kafin ranar: koma kan takardunka

Yawancin tambayoyi daga abin da ka rubuta suke fitowa. Buga takardar nemanka, ka bi ta da biro, ka ja layi a ƙarƙashin duk wata da'awa. In ka ce ka jagoranci wata ƙungiya, mutum nawa ne a ciki, me ya canza a lokacinka? Sannan ka duba abin da masu bayar da tallafin suke nema. Misali, tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya yana auna abu huɗu: jagoranci, iya ƙulla alaƙa da mutane, dalilin zaɓen kwas ɗin, da tsarin aikinka bayan ka kammala. Wanda ya san ma'aunin ya rage rabin duhun da ke ba shi tsoro.

Tanadi labarai, ka guji hadda

A nan ne aka fi yin ɓarna. Mai fargaba yana ganin mafita ita ce ya rubuta amsoshi ya haddace su kalma bayan kalma. Hadda kamar sarƙa take, kowace jimla tana rataye da wadda ta gabace ta. Ana cikin tsoro kalma ɗaya ta kuɓuce, sauran duk sun tafi. Ga shi kuma kwamiti ba lallai ya yi tambayar yadda ka tsara ta ba, kuma kunnensu ya saba da muryar mai karanto hadda.

Maimakon haka, zaɓi abubuwa biyar ko shida da suka faru da kai da gaske: wata matsala da ka warware, wani kuskure da ka gyara, saɓani da ka sasanta, aikin da kake alfahari da shi. Kowanne ka rubuta shi a layi huɗu kacal: halin da ake ciki, abin da ya rataya a wuyanka, abin da kai ka yi, da sakamakon da aka samu. Layi na uku ya fi ko'ina tsawo, kuma a nan ka riƙa cewa "na yi", domin kai ake tantancewa, ba ƙungiyarku ba. Labari ɗaya yana iya amsa tambaya uku mabambanta. Kowace amsa kada ta wuce minti ɗaya da rabi zuwa biyu.

Yi gwaji da baki, aƙalla sau uku

Maimaitawa a zuci ba ta isa ba, domin harshe da numfashi ne za su yi aikin ranar. Samu mutum biyu, gwamma waɗanda kake ɗan jin nauyinsu, su zauna maka a matsayin kwamiti na minti ashirin, cikin harshen da za a yi intabiyun. Sa kayan da za ka sa ranar. Ka roƙe su su katse ka, su jefo tambayar da ba ka shirya mata ba. Ɗauki bidiyo da waya, ka kalla. Za ka lura da abu biyu: kana sauri fiye da yadda kake zato, kuma rawar da kake ji a ciki ba ta fitowa a fuska kamar yadda kake tsammani.

Jajiberi da safiyar ranar

Rufe shiri tun da yamma. Haɗa takardu, ka tabbatar da wuri da lokaci. In ta intanet za a yi, gwada kyamara da makirufo a manhajar da za a yi amfani da ita, ka ɗaga kwamfutar kyamara ta zo daidai ido, ka tanadi layi na biyu. Rage kofi da lemukan ƙarin kuzari, domin kafeyin yana ƙara bugun zuciya da karkarwa, kuma bayan kamar awa biyar rabinsa na nan a jini. Ci abu marar nauyi. Isa wurin da saura minti talatin.

Yayin jira

Zauna, tafin ƙafa biyu a ƙasa. Ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu, ciki ya taso ba ƙirji ba, sannan ka sake shi a hankali kana ƙirga shida zuwa takwas. Yi haka minti biyu. Sirrin yana wajen fitarwa, domin doguwar fitar numfashi ce ke sassauta bugun zuciya. Kada ka tsaya sauraron hirar sauran masu jira a kan digirorinsu.

A gaban kwamiti

Mintunan farko ne suka fi zafi, don haka gabatar da kanka shi ne abin da ya kamata ya fi zama a bakinka. Bayan kowace tambaya, dakata daƙiƙa biyu ko uku. Kai za ka ji kamar an daɗe, su kuwa za su ga mai tunani. In an ajiye ruwa, kurɓa. Hannu na rawa? Ɗora su a kan cinya ko tebur, kada ka riƙe takarda ɗaya tilo, domin tana tona karkarwa.

Idan kai ya kulle a tsakiyar amsa, ka ce a ba ka ɗan lokaci, ko ka nemi a maimaita tambayar. Abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, ka faɗi yadda za ka bi ka gano shi. Ganin suna rubutu fuska a ɗaure kada ya dame ka, makin amsarka suke cikewa.

Wanda fargabarsa ta kai ga amai, rashin barci na kwanaki, ko jin kamar numfashi zai ɗauke, ya ga likita ko mai ba da shawara na jami'a tun da sauran makonni. Kada ka karɓi ƙwaya daga hannun aboki. Propranolol, wanda wasu ke sha don rage bugun zuciya, yana da haɗari ga masu asma, magungunan kwantar da hankali kuma suna kawo kasala da nauyin baki.