Yadda Tsohon Mai Rubuta Manhaja Zai Gwada Sabuwar Fasaha

Na fara rubuta manhaja da harshen rubuta manhaja mai suna Visual Basic 6 a wani ɗan shago a unguwar Agege da ke Legas, kuma tun daga lokacin na ga fasahohi da yawa sun zo da ƙarfinsu sun shuɗe. An daina tallafa wa Flash, manhajar nuna bidiyo da wasanni a shafukan intanet, a ƙarshen 2020, alhali SQL, harshen sarrafa rumbun bayanai wanda asalinsa tun shekarun 1970 ne, har gobe da shi bankuna ke aiki. Wannan ya sa nake bin wasu matakai kafin in rungumi sabon abu.

Da farko, ka binciki matsalar da aka ƙirƙiro fasahar domin ta magance. Docker, kayan aikin da ke haɗa manhaja da duk abin da take buƙata a ƙunshi ɗaya, wanda ya fito a 2013, ya samu karɓuwa ne saboda manhaja takan yi aiki a kwamfutar wanda ya rubuta ta, amma ta ƙi tashi a wata. Idan ba ka taɓa fama da irin wannan ba, babu abin da zai sa ka yi gaggawa.

Mataki na biyu shi ne wanda na fi ba muhimmanci. Kada ka fara gwaji da sabon aiki. Ka ɗauko tsohon aikin da ka san ciki da wajensa, ka sake gina shi. Ina da wata ƙaramar manhajar lissafin bashi da na rubuta wa wani dillalin tumatir a kasuwar Mile 12, kuma na sake rubuta ta da harshen Python, daga baya da harshen Rust. Da yake na san inda gizo ke saƙa, wato lissafin kwandunan da suka lalace a hanya daga Arewa da yadda ake raba asarar, nan take nake gane ko sabon harshen ya rage mini wahala. Rust ya tsananta mini kan yadda ake sarrafa ƙwaƙwalwar kwamfuta, amma ya hana ni kurakuran da na daɗe ina yi ban sani ba.

Sannan ka ware gwajin a reshe na daban, wato wani keɓantaccen kwafin aikin, cikin Git, manhajar da ke adana tarihin sauye-sauyen da aka yi wa aiki, don kada ya taɓa aikin da kake ci da shi.

Bayan haka ka gwada abin a yanayin Legas: a waya mai arha irin wadda ake samu a Computer Village da ke Ikeja, da data kaɗan, da kuma lokacin da aka ɗauke wuta. Manhajar da ba ta motsi sai da intanet mai ƙarfi ba za ta amfani ɗan kasuwa ba.

Game da ƙirƙirarriyar basira, wadda ta bazu tun fitowar ChatGPT a Nuwamban 2022, ina amfani da ita, amma ina karanta kowane layin da ta rubuta, domin takan kawo umarnin da babu shi sam a harshen. Idan wani abu ya shige mini duhu, nakan je unguwar Yaba in zauna da matasan da suka fi ni sanin wannan fanni, in buɗe kwamfutata a gabansu su nuna mini.